Wuƙa Biyu, Aljihu Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon arzikin ɗan fili a shafin wasiƙu. Maganar da ke tafe da ni wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba, domin maganar wuƙar aljihu ce. Amma duk wanda ya san kasuwa ya san akwai mutanen da ba su iya yini guda babu ita, kuma ina cikinsu. Shekara 31 ke nan ina sana'ar albasa a nan Sakkwato, daga gonakin Wurno da Goronyo da Kware zuwa kasuwar Ramin Kura, daga nan kuma zuwa Kurmi. A duk tsawon wannan lokaci ban san ranar da na fito gida aljihuna na dama babu 'yar wuƙa ba, in ban da kwanakin da na yi a ƙasa mai tsarki, tunda ba a shiga jirgi da ita a jiki.

Ɗan ƙanena ne ya sa na ɗauki biro. Bana mahaifinsa ya kawo mini shi daga ƙauye, yaro ɗan shekara 19, ya ce in koya masa sana'a. Yaron kirki ne, ba ya ƙyuya, ba ya ɗaga ido ya kalli babba. Makonsa biyu na farko, kullum abin da nake ji shi ne, "Bappa, ara mani yuƙa," don mu nan yuƙa muke cewa. Za a kwance bakin buhu, yuƙa. Za a datse igiya, yuƙa. Za a raba albasa a nuna wa mai saye cikinta, yuƙa. Ranar da ya karɓi kuɗin ɗinkin buhunsa na farko sai ga shi ya dawo yana murmushi, ya zaro wata aba daga ƙugu ya miƙo mini. Baƙa wuluk, tsawonta ya fi taƙi, an zana maciji a ƙotarta, ga wani maɓalli da in ka danna sai ruwan ya yi tsalle ya fito, tsini kamar na mashi. A teburin wani mai tarkace a bakin hanya ya saye ta. Gabana ya faɗi. Ban yi masa faɗa ba, don na san da zuciya ɗaya ya yi, so yake ya daina damuna da aro. Na dai ce, "Kawo in aje maka, gobe ma yi magana."

Bayan Isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na fito da wuƙaƙena biyu na jera su gaban fitila, ina tunanin wacce zan ce ya nemi irinta. Abin da na saƙa na kwance a daren nan shi nake son in baje wa masu karatu, domin na tabbata ba ni kaɗai ke da yaro a hannu ba.

Ta farko Okapi ce, ta mahaifina, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san ta: ƙota ja-ja mai ɗan lanƙwasa, an dasa mata farin ƙarfe mai siffar wata da taurari, ga zobe yana reto a bayanta. In ka buɗe ta sai ta yi wata ƙara, ƙarrr, kamar an ja tsinke a kan mataji, sannan ta yi ƙas ta tsaya. Ba ta sake rufuwa sai ka sa yatsa cikin zoben nan ka ja, ƙarfen da ke kwance a gadon bayanta ya ɗaga ya saki ruwan. Ta Baba an buga sunan Jamus a gindin ruwanta, kuma da ɗana na jami'a ya bincika mini a wayarsa sai ya ce haka ne. A garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, don kai wa ƙasashen da Jamusawa ke mulki a Afirka, irin su Kamaru da Togo da Tanganyika. Sunan kuwa na wata dabba ce ta dajin Kwango, 'yar'uwar raƙumin dawa, mai zane a ƙafafu irin na jakin dawa, wadda Turawa ba su tabbatar da ita ba sai a 1901. A 1988 aka kwashe aikin daga Jamus aka mayar Afirka ta Kudu. Ke nan wadda ke hannuna ta girmi yaron nan nesa ba kusa ba.

Ba zan iya ƙidaya aikin da na ga wuƙar nan ta yi a hannun Baba ba. Da ita ya fiƙe mini alƙalamin da na fara rubuta allo. Har yanzu ina ganinsa zaune a zaure, ya ɗora sillen kara a kan babban yatsansa, ya fere gefe ɗaya, ya juya ya fere ɗayan, sannan ya ɗan tsaga bakin da tsinin wuƙar don tawada ta riƙa gangarowa, ya gwada a kan akaifarsa, ya miƙo mini. Da ita yake fere mana rake a kasuwar Achida. Da ita ya yanka zakara ranar da baƙi suka sauka daga Gwadabawa ba shiri, kuma kafin ya yanka sai da ya zaga bayan ɗaki ya wasa ta inda zakaran ba ya gani, yana gaya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ranar da zan bi motar albasa ta farko zuwa Kurmi ya sa mini ita a tafin hannu, ya haɗa mini da magana ɗaya: "Yuƙa abokiyat tahiya ta, ba ta hwaɗa ba."

Ta biyu baƙuwa ce a gidana, Opinel ta Faransa, lamba 8. Wani abokin cinikina ɗan Galmi, garin nan na Nijar da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, shi ya kawo mini ita tsaraba. An rufe iyaka tun Agustan 2019, muka yi fiye da shekara ba mu ga juna ba. Da aka buɗe ta Illela a Disamban 2020 ya tsallako daga Birnin Ƙonni da ita naɗe cikin ƙyalle. Gaskiya da na karɓa raina ta na yi. Ba nauyi, ba ado, ƙota zagayayya ta farin icce, ruwan kuma siriri har kana jin yatsa zai lanƙwasa shi. Na ce masa wannan ai ta yankan tumatir ce. Ya ce, "Alhaji, riƙe ta wata guda tukuna."

Ita ma da asalinta. Wani ɗan maƙera, Joseph Opinel, ya fara yin ta a 1890 a yankin duwatsun Savoie, yana ɗan shekara 18, kusan sa'ar yaron nan nawa. A 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12, shi ya sa har yau da lamba ake kiranta. Lamba 8 ita ce daidai aljihu: ruwanta santimita 8 da rabi, nauyinta wajen giram 45, har kakan manta tana jikinka. A jikin ruwan akwai tambarin hannu da kambi a samansa. Abin da ya fi burge ni ƙirarta. Gaba ɗayanta abu biyar ne: ruwa, ƙota, ƙusa ɗaya, da zobba biyu a wuya, ɗaya kafaffe, ɗaya mai juyawa. Babu sifirin, babu maɓalli. Zobe mai juyawan, wanda ɗansa Marcel ya ƙara a 1955, shi ne makullin. Ka buɗe ruwan, ka murɗa zoben da babban yatsa, ya toshe hanyar da ruwan zai koma. Daga baya suka gyara shi yadda ko a rufe take kana iya murɗawa ka kulle ta, ba za ta buɗe a aljihu ba.

Wani zai ce ina na baro jar nan ta Suwizalan mai almakashi da abin buɗe kwalba. Na taɓa riƙe ta, aba ce mai kyau ga ma'aikacin ofis da matafiyi, amma ruwanta gajere ne ga babbar albasa, kuma ruwan albasa da ƙura suna taruwa a tsakanin 'ya'yanta. Ba ta shiga wannan zaɓen ba.

Albasa ce ta fara raba mini gardama.

Mai sayen albasa da yawa, wanda zai loda mota zuwa Legas ko Anacha ko Fatakwal, ba ya yarda da kyan ɓawo. Albasar da ta yi wata uku ko huɗu a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, tana iya zama jawur a waje, ta bushe ƙayau, alhali ruɓa ta sauko mata ta wuya, ko tsiro ya fara a tsakiya. Don haka sai ya zura hannu can ƙasan buhu ya zaro uku ko huɗu ya ce a raba. A wannan rabawar ake cin ciniki ko a rasa shi, kuma in kasuwa ta buɗe nakan yi ta sau ashirin, sau talatin kafin La'asar.

Okapi baƙin ƙarfe ce, irin wanda maƙeranmu suka sani, mai karɓar washi da wuri, mai kama tsatsa da wuri. Albasa kuwa tana da wani sinadari dangin farar wuta, shi ke sa mu hawaye, kuma da ya haɗu da baƙin ƙarfe sai su yi duhu tare. Shekara da shekaru ina ganin haka ban ɗauke shi komai ba. Ruwan wuƙar ya rine ya koma toka-toka, wani wuri shuɗi-shuɗi. In kuma na wasa ta da safe, fuskar albasar farko da na raba sai ta ɗan dushe kafin a gama tayi, ta ɗauki ƙarnin ƙarfe. Sau nawa na tsaya ina yi wa baƙo bayani cewa duhun nan daga wuƙa ne! Wanda ya san ni ya yarda. Wanda bai san ni ba sai ya zaftare wani abu a kan kowane buhu, kuma in ka lissafa a kan buhu 200 ka san kuɗi ne masu kauri. Ba laifin masu ƙera ta ba ne, halin baƙin ƙarfe ke nan ko daga wace maƙera ya fito. Ga shi kuma ruwanta yana da ɗan kauri, yana shiga albasa kamar yadda gatari ke shiga icce, sai ta tsage kafin wuƙar ta kai ƙasa.

Wadda aka kawo mini daga Galmi an rubuta INOX a jikinta, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. An gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ke yi masa wata fata da ido ba ya gani, wadda ke tare ruwa da tsami. Ranar da na fara raba albasa da ita sai da na tsaya ina kallo. Ban danna ba ta zarce. Fuskokin biyu suka fito fes, zobba a jere, ja da fari, kowanne da iyakarsa, ba duhu ba tsagewa. Na ajiye su a kan buhu, aka je aka yi Azahar aka dawo, suna nan yadda na bar su. Tun daga ranar ban sake raba albasar ciniki da Okapi ba. Sai dai mai sayen wuƙar ya lura, Opinel iri biyu ce. Akwai mai rubutun CARBONE, ita ma baƙin ƙarfe ce, kuma abin da Okapi ke yi wa albasa shi za ta yi. Masassaƙi da baduku za su fi son waccan don saurin ɗaukar kaifi. Mai albasa, mai tumatir, mai lemo da mangwaro, mai goro, INOX ce tasu.

Kada a ce na zama ɗan koren Faransawa, ita ma tana da nata halin. Ƙotarta icce ne tsura, icce kuwa yana shan ruwa. A nan Sakkwato, inda iska ke bushe mafi yawan shekara, abin bai cika damu ba. Da hunturu ma iccen kan tsuke har ruwan ya riƙa lilo, sai ka dogara da zoben. Amma akwai wata damina da na raka kaya kasuwar Mile 12 a Legas, na wanke ta na mayar aljihu ban shanya ba. Sakacina ne. Da gari ya waye iccen ya kumbura ya riƙe ruwan gam, akaifa ta kasa ciro shi. Wani direba ɗan Nijar ya nuna mini dabarar: ka kama ta ta wuya, ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan abu mai tauri, sai tsinin ya leƙo ka kama. Da na dawo gida na shanya ta kwana biyu, na cusa mata basilin a mahaɗa, ba ta sake yi mini ba. Ƙurar hunturu ma takan shiga ƙarƙashin zoben ya yi tauri, sai an busa an goge. Kuma ba ta son banƙara. Wanda zai ɓalle murfin gwangwani da ita, ko ya tono ƙusa a bodin mota, ko ya yi ta saran igiyar roba a kan ƙarfe, rana ɗaya zai raba ta da tsininta. Babu wuƙar da aka yi don irin wannan aiki, amma Okapi ta fi haƙuri da shi. In ta dakushe, shafa biyar a kan dutse ko a gindin kofin tangaran ta dawo. Ga ta kuma ta fi araha, musamman yanzu da sefa ta yi wa naira nisa.

Wurin rufewa ne Okapi ke son natsuwa. Yatsa na jan zobe, ɗaya hannun na tura ruwa, kuma dole sauran yatsu su kauce daga hanya. Ina da tabo a manunina na hagu, amma ba ta Baba ce ta yi mini shi ba. Wata shekara na bar ta a gida don tsoron kada ta ɓata a hanya, na sayi mai kama da ita a wata tasha, wata da taurari da zobe duk sun cika. Ina cikin yanke igiyar tamfol, na danna da ƙarfi, haƙorin makullin ya zille, ruwan ya rufo a kan yatsana. Ɗinki huɗu aka yi mini, na yi mako uku ban riƙe basilla ba. Kama da wane ba ta wane. Jabu ta yi yawa a kasuwa, kuma jabun wuƙa mai makulli ta fi wadda ba ta da makulli haɗari, don ka riga ka ba ta amana. Duk wanda zai saya ya duba tambari da kyau, ya buɗe ta ya kulle, ya danna bayan ruwan a kan benci da ɗan ƙarfi, yatsunsa a gefe. In ta motsa ya aje musu abarsu.

Da a zamanin Baba ne, da bayan duk wannan sai in ce wa yaron ya ɗauki wadda hannunsa ya fi so, in kwanta. Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Edita, ba sai na gaya maka ba, kai da ke buga labaran yaran da ke sukar mutum saboda waya, da rikicin 'yan daba, da halin da 'yan bindiga suka jefa mutanenmu na Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo. Jama'a a tsorace suke. Wuƙar da a da kowane dattijo ke da ita a aljihu tare da goro da tasbaha, yau in an gan ta a jikin saurayi, kafin ya buɗe baki an gama yanke masa hukunci.

Shekara uku da suka wuce, muna dawowa daga ɗaurin kaya a ƙauye, aka tsayar da motarmu a wani shingen bincike, aka ce kowa ya sauko ya fito da abin da ke aljihunsa. Ran nan Okapi ce a jikina. Jami'in, wanda bai wuce sa'ar ɗana ba, ya ɗauka ya buɗe. Ƙarar nan da nake ƙauna tun ina yaro, ƙarrr, ƙas, na ga yadda ta sa matan da ke tsaye kusa suka ja da baya, wata ta janye ɗanta ta ɓoye a bayan zane. Na ga fuskar jami'in ta canza. Furfurata da katin sana'ata da warin albasar da ke jikin rigata su suka fisshe ni, bayan kusan awa guda a rana. Ban riƙe shi a zuci ba. Aikinsa yake yi, kuma bai san Baba ba, bai san alƙalamin allo ba. Abin da ya gani wuƙa ce mai tsini, mai tsawo, mai ƙara. Ɗana ya ce mini ba nan kaɗai ba ne, a Afirka ta Kudu da Jamaika ma sunan Okapi ya daɗe da cakuɗuwa da na 'yan daba, alhali don aiki aka ƙera ta.

A kan tabarmar nan na tambayi kaina: da yaron nan ne a wurin, ba furfura, ba kati, da baƙar abar nan mai maɓalli a ƙugunsa, ina zai kwana? Me zan gaya wa ƙanena?

Opinel kuwa na sha fito da ita a cikin mota, a ƙofar masallaci, a gaban jami'ai, in ɓare lemo ko in raba goro, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kai ba. Shiru take buɗuwa, da hannu biyu, a hankali. Ba a zaro ta cikin fushi. Kafin ka murɗe zobe, ka sa akaifa, ka ciro ruwa, ka sake murɗawa, zuciya ta fara sauka, an samu mai cewa a yi haƙuri. Wannan jinkirin shi ne babbar falalarta ga saurayi mai jini a jika, ya fi mini kaifinta, ya fi mini rashin tsatsarta. Zoben da ke kulle ta a rufe kuma yakan tuna mini hadisin da malamai ke karanta mana a Bukhari da Muslim, cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama bakinsu da hannunsa kada ya ji wa wani Musulmi rauni. In an ce a kame bakin kibiya a kasuwa, ina ga wuƙar da ke tsalle da kanta a cunkoson Ramin Kura, inda ɗan dako ke gogar ɗan dako da buhu a ka?

Saboda haka na tsayar da shawara a kan Opinel. Zuciyata tana tare da Okapi, kuma ba zan ɓoye ba, da na mayar da ita akwati a daren nan sai da idona ya kawo ruwa. Amma yanzu wurinta shago ne da gona, tana fitowa ranar ɗaurin kaya da ranar layya wajen fiɗa. Aljihun da zai shiga mota da masallaci da layin banki, ƙaramar nan mai shiru ce ta dace da shi.

Ina roƙon jami'an tsaro, da girmamawa, su riƙa duban wuƙa tare da mai ita. Baduku, mahauci, mai rake, mai kankana, makiyayi, malamin allo, duk kayan aikinsu ne. A tambayi mutum sana'arsa, a dubi kantar da ke tafin hannunsa, sau da yawa wannan ya isa. Mu kuma iyaye da iyayen gida a kasuwa, kada mu bar yaro ya zaɓi wuƙarsa ta farko shi kaɗai. Idonsa a kan wadda ta fi ban tsoro zai sauka, don ita aka baje masa a gaba-gaba a kan tebur.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai tun da na fahimci ƙirar nan. Don me sai Faransa ko Afirka ta Kudu? Garin da ke da Maƙera Assada, unguwar da ƙarar guduma ba ta yankewa tun zamanin kakanni, inda ake ƙera garma da lauje da gatari da wuƙar fawa da ta fi ta kanti ci. Garin da dukawansa ke da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Abu biyar ne fa kacal! Ga ƙirya, ga marke, itatuwa masu tauri da muka daɗe muna yin ƙota da su. Na taɓa kai Opinel ɗin wa wani maƙeri da nake hulɗa da shi. Ya juya ta, ya zare zoben da awartaki, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar. Ya ce ruwa da ƙota ba komai ba ne a wurinsa, zoben ne ke son ma'auni daidai da ƙarfe mai komawa mazauninsa. Ya ce kuma ƙarfe mara tsatsa mai ɗaukar kaifi ba ya cikin tarkacen da suke saye, su da sifirin mota suke aiki. Ke nan hannu na nan, basira na nan, ƙarfen ne da 'yar na'urar yanka zobe suka rage. Ina kira ga masu hannu da shuni da makarantun koyon sana'a na jihar nan su dubi wannan. Ba cewa nake a kwaikwayi tambarin wani ba, jabu ta riga ta sha jinina sau ɗaya. A yi tamu, da sunanmu a jiki, da ɗan kubenta na jar fata, yadda in na je Galmi ni ma zan samu abin naɗewa a ƙyalle.

Washegari da safe, kafin kasuwa ta cika, na kira yaron. Ban yi masa dogon wa'azi ba. Na zaro albasa biyu daga buhu ɗaya, na aje masa baƙar tasa da Opinel tawa, na ce, "Ɗana, raba mu gani." Ya fara da tasa. Kaurin ruwan ya murƙushe albasar, ta fashe gefe ɗaya, ruwa ya bi masa hannu. Ya goge a wando, ya ɗauki tawa, na nuna masa yadda ake murɗa zoben, ya raba ta biyun. Ya daɗe yana kallon fuskokin nan biyu, sannan ya ce, "Bappa, wagga ta hi." Sai a lokacin na ba shi labarin shingen binciken, na nuna masa tabon yatsana, na gaya masa maganar da kakansa ya gaya mini.

Na aika wa abokina na Galmi ya sayo masa lamba 7, wadda ta ɗan fi tawa ƙanƙanta, kuɗin kuma daga ɗinkin buhunsa za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har ya biya. Baƙar kuwa tare muka kai ta Maƙera. Aka cire maɓallin, aka datse tsinin, aka sa mata ƙotar marke. Tana madafa yanzu wurin uwargida, ana yanka kuɓewa da ita. Saƙon Galmi bai iso ba tukuna, don haka ko yau da safe sai da na ji, "Bappa, ara mani yuƙa." Na miƙa masa ita a rufe, zobe a murɗe, ƙota a gaba, yadda Baba ke miƙo mini.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani mai sana'ar albasa,
Ramin Kura, Sakkwato.